Huluna Huɗu a Ɗakin Kwamfuta

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, kwamfuta talatin ce a ɗakin koyarwa na sashenmu, amma takwas ne kawai ke ɗauke da manhajar da muke buƙata don aikin kammala karatu. Sauran an bar wa 'yan aji ɗaya su koyi buga rubutu, wasunsu ma sai an bubbuga musu gefe kafin su farka. Takwas ɗin nan suna jere a jikin bangon gabas, ƙarƙashin fanka ɗaya tilo da ke juyawa da gaske. Duk ɗan ajinmu da ba shi da kwamfutar kansa, a kansu ya ɗora rai. Ni ma ba ni da tawa, kuma babu alamar zan samu kafin in gama.

Dokar ɗakin a rubuce take, an saka ta cikin leda an manna a bayan ƙofa. Na haddace ta tsaf, don na yi tsayuwar da ta isa a gabanta. Akwai rajista a teburin Malam mai kula da ɗakin. Kowace Litinin ake buɗe sabon shafi, ka rubuta sunanka da hannunka, da lambar kwamfuta, da awa biyun da kake so a kowace rana. Ba a kama wa wani wuri. Wanda ya makara da minti goma sha biyar ya rasa nasa. Ba a shiga da abinci ko ruwan leda, ba a barin kaya a kan kujera. Ta ƙarshe kuwa an ja mata layi da jan biro: duk wanda ya tayar da hayaniya a ɗakin, za a hana shi shiga har mako biyu.

Wallahi doka ce mai kyau. Matsalarta ɗaya ce, ba ita ake bi ba. Abin da ake bi shi ne hula.

Samarin ajinmu da ke kwana a cikin makaranta, tun kafin ƙarfe takwas suna bakin ƙofa. Malam na buɗewa sai su shiga, kowa ya cire hula ya kife a kan kujera, ya juya ya fita. Wani lacca zai tafi, wani wurin mai shayi, wani ma komawa yake ya ƙarasa barcinsa. Hular nan za ta zauna ta tsare masa kwamfuta har lokacin da ya ga dama. Duk wanda ya tashi a Kano ya san ba a ɗage dardumar da aka tarar a shimfiɗe a masallacin Juma'a, ba a kuma fitar da jarkar wani daga layin famfo. To hula ta fi su duka nauyi, don taɓa hular namiji ba da izininsa ba neman faɗa ne. Mu mata kuwa ba mu da hula. Wata ƙawata ta taɓa gwada barin mayafinta a kan kujera ta je ta yi alwala, ta dawo ta tarar an ninke shi da kyau an ajiye a taga, wani ƙato yana zaune a wurinta.

Ni daga Dala nake zuwa. Lungunmu adaidaita ba ya shiga, sai na taka har bakin titin Gwammaja, in hau ɗaya, in sauka in canja wani. Kafin nan kuma sai na dama wa Baba koko na share tsakar gida. Ko na yi saurin duniya ba na isa kafin ƙarfe tara, shi ya sa kullum nake rubuta ƙarfe goma zuwa sha biyu, kwamfuta mai lamba bakwai. Sunana yana nan a rajista da rubutuna mai kyau, ni kuma ina tsaye a jikin bango rungume da jaka, ina kallon hula tana cinye mini awa biyu.

Na yi wa Malam magana ya fi a ƙirga. Dattijo ne fari siriri, Bafulatani, mai sanyin murya, irin mutanen da ko kaza ba sa kora da ƙarfi. Na ce, "Malam, ka duba, sunana ne a nan."

Ya duba ya ce, "Naki ne kam, 'yata."

"To ka ɗauke mini hular nan mana."

Ya gyara tabarau. "Ki ɗan ƙara haƙuri, yanzu mai ita zai dawo, sai in yi masa magana. Ni ban iya ɗaga hular mutum ba ya nan."

Mai ita kuwa sai sha biyu saura kwata zai shigo yana sakace haƙori, Malam ya yi masa maganar a hankali, shi kuma ya ce ai minti biyar kawai ya yi a waje. Ranar da Allah ya taimake ni ina samun rabin awa. Wata ranar ko kujerar ba na taɓawa.

Aikina ba wani abin a zo a gani ba ne. Manhaja ce da za ta tsara jadawalin darussa na Islamiyyar unguwarmu, yadda ba za a sa malami ɗaya a aji biyu a lokaci guda ba. Rabinta a takarda na rubuta, da biro, a ɗakina, amma takarda ba ta gaya maka ko abin da ka rubuta zai yi aiki. Wata Litinin malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ranar Juma'ar mako mai zuwa zai miƙa sunayen waɗanda za su kare aikinsu bana, kuma ba zai sa sunan wanda bai ga manhajarsa tana aiki da idonsa ba. Wanda bai shiga ba, sai baɗi. Na fito ina lissafi da yatsu: kwana goma sha biyu, a cire Asabar da Lahadi.

Washegari Talata na shiga ɗakin ƙarfe goma daidai. Mutum ɗaya ne ke zaune a jerin gabas. Sauran kujeru bakwai, huluna bakwai. Mu biyar ne a tsaye, mata huɗu da wani yaron Soron Ɗinki da shi ma daga cikin gari yake zuwa, kowannenmu da sunansa a rajista.

A nan ya kamata in faɗi ko 'yar wace ce ni. Mahaifina mai wankin hula ne. A zaurenmu yake aiki tun kafin a haife ni, kuma na buɗi ido na ga huluna jere a kan gumagumai masu siffar kai suna shan rana a ƙofar gida: zanna, ƙube, damanga, na alhazai da na 'yan kasuwa da na angwaye. Na dirje su da buroshi, na sa musu sitaci, na san wadda mai ita ke shafa man gashi da wadda mai ita ke yawan gumi. Tsoron hula da ke cikin mutane, ni ba a taɓa sa mini shi ba. A wurina hula kaya ce mai datti da ake kawowa ranar Asabar a karɓa ranar Alhamis.

Na ajiye jakata. Na bi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya na tattara hulunan, ban jefar ba, ban murƙushe ba, na riƙe su yadda ake riƙe kayan mai kaya. Sai dai hannu ba ya manta abin da ya saba: kowace na ɗauka sai na juya cikinta na duba bakin, kamar yadda nake yi a zaure. Na ga abin da na gani, na ajiye shi a raina. Na jera su a taga, daidai inda aka taɓa ajiye mayafin ƙawata, na zauna a lamba bakwai na kunna. Can sai na ji an ja kujera a gefena, sannan wata, sannan wata.

Minti arba'in na samu. Daga nan wakilin ajinmu ya shigo.

Dogo ne mai son gayu, kullum cikin shadda mai sitaci, kuma shi ke karɓo mana sanarwa daga malamai, don haka yana jin kansa rabin malami. Ya dubi kujera, ya dubi taga, ya ce, "Wa ya taɓa mini hula?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke? A kan me?"

"A kan lokacina ne. Ga rajista can, ka je ka karanta, ai ka iya karatu."

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma ina da baki, kuma makonni na yi ina tara abin faɗa. Ya ce ba ni da tarbiyya, na ce tarbiyyar da ta koya masa ya bar hula tana karatu shi yana wurin mai shayi, na gode Allah da ba a ba ni ita ba. Aka kwashe da dariya. Ya ɗaga murya, na ɗaga tawa ta fi tasa, har 'yan aji ɗaya suka bar abin da suke yi suka zagaye mu. Malam yana ta "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri," babu mai jinsa. Masu huluna uku suka lallaɓo suka ɗauki nasu suka sulale. Wakili kuwa ya rantse ba zai karɓi tasa ba sai hukuma ta ga wulaƙancin da aka yi masa da abokansa. Ya sa Malam ya kulle sauran huɗun a durowa a matsayin shaida, ya wuce ofishin shugaban sashe ya kai ƙara.

Kafin azahar saƙo ya zo: kada in ƙara shiga ɗakin sai an zauna ranar Alhamis. Sai a lokacin na tuna da layin jan biron nan. Mako biyu. Idan aka yanke mini shi, Juma'ar malamina za ta zo ta wuce ina waje, shekara guda ta tafi saboda bakina. A cikin adaidaita na yi kuka, ba na ɓoyewa, har matar da ke gefena ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana cire huluna daga gumagumai. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, har da abin da na gani a bakin hulunan. Bai ɗago ba sai da na gama.

Ya ce, "Kin tabbata? Huɗun duka?"

"Duka, Baba. Ja biyu, baƙi ɗaya a tsakiya."

"To wannan kin yi daidai. Amma ɗaga murya a gaban dattijo, wannan ba ki kyauta ba. Idan kin je, ki fara ba shi haƙuri kafin ki ce komai." Ya miƙo mini wata zanna in riƙe masa, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kada ki ce wa yaron maƙaryaci. Ki nuna musu kawai, su ma suna da ido."

Ranar Alhamis muka hallara a ofishin shugaban sashe. Farfesa ne mai furfura, ba ya son doguwar magana. Malam yana zaune a gefe, hulunan huɗu suna kan tebur. Wakili ya fara, kuma ya iya tsara zance, ban hana shi ba. Ya ce ɗaya ce tasa, sauran ukun na abokansa ne da suka fita na ɗan lokaci, ni kuma na zo na kwashe su kamar shara, na zage shi a gaban ƙananan ɗalibai. Ya karanto dokar hayaniya da ka, har da mako biyun.

Farfesa ya juyo gare ni. "Kin ɗaga murya a ɗakin?"

Na ce, "Na ɗaga, ranka ya daɗe." Na juya wurin Malam na ce, "Malam, ka yafe mini, ban kyauta maka ba." Dattijon ya ɗaga hannu ya ce babu komai, ya wuce.

"To me ya rage?" in ji Farfesa, yana jawo takarda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a juya hulunan nan a dubi cikinsu, daga baki ta baya."

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ɗauki ɗaya ya juya. Na nuna masa wurin da ɗan yatsa: ɗinki uku ƙanana, zare ja biyu, baƙi ɗaya a tsakiya. Na ce mahaifina mai wankin hula ne. Mai wanki yana karɓar huluna masu yawa a mako, da dama iri ɗaya ne, kuma idan an jiƙa su babu mai gane ta wane ce. Saboda haka kowane mai kawo wanki ana ba shi alamarsa, a ɗinka ta da zare a cikin duk hular da ya kawo. Mai wanki ba ya ba mutum biyu alama ɗaya, don ranar da ya yi haka, ranar zai fara rigima da masu kaya. Na ce tun ina 'yar firamare ni ke ɗinka wa Baba irin wannan alamar.

Farfesa ya juya ta biyu. Ya juya ta uku, ya juya ta huɗu. Ya jera su a gabansa cikinsu a sama, ja biyu da baƙi ɗaya sau huɗu.

Wakili ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba hujja ba ce, ni ban taɓa jin..."

Farfesa bai saurare shi ba. Hannu ya kai ya cire hular kansa, ya juya ta, ya matso da ita kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ikon Allah. Kore biyu." Ya dubi Malam. "Shekara nawa ina sa hular nan, ban taɓa lura ba." Malam ma ya cire tasa a hankali ya leƙa, ya yi murmushi ya mayar.

Farfesa ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya ce wa wakili, "Kai kuma kanka nawa ne?"

Ban yi dariya ba, amma Allah ne kaɗai ya san yadda na riƙe ta. Wakili ya yi ƙasa da kai. Da aka matsa masa ya amsa cewa duka nasa ne, yana kifa su ne da safe ya kama wa abokansa uku da ba sa iya tashi da wuri.

Hukuncin bai ɗauki minti biyar ba. Ni an ja mini kunne a kan hayaniya, aka ce kwana biyun da na yi a waje sun isa. Wakili an hana shi shiga mako guda saboda kama wa wasu wuri. Sannan Farfesa ya ce wa Malam daga yau duk abin da aka tarar a kan kujera babu mai shi, hula ce ko littafi ko mayafi, a ɗauke, kuma da umarninsa aka ɗauke, wanda bai yarda ba ya zo ya same shi. Na fito daga ofishin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na tausaya wa wakili a ranar ba.

Washegari na tarar Malam ya sa kafinta ya buga ƙusoshi a jikin wani katako a bakin ƙofa. Har yanzu ba ya son taɓa hular mutane, sai ya ce da ni, "'Yata, tunda ke kin saba." Kwana biyu ina rataye masa huluna kafin samari su gane abin ya ƙare, su daina barinsu.

Sai dai dokar da na yi faɗa a kanta ba ta san ni ba. Awa biyu awa biyu ce. Sha biyu na bugawa Malam zai zo ya tsaya a kaina ya ce lokaci ya yi, ko ina tsakiyar layi, in tashi ina ƙunƙuni in ba na gaba. Kwana shida suka rage mini, awa goma sha biyu ke nan, kuma manhajar nan ta nuna mini hali. Ranar Litinin ta sa malamin tajwidi a aji uku lokaci guda. Ranar Talata ta ƙi buɗewa gaba ɗaya saboda wani ɗan kuskure da na kwashe awa guda ina nema. Ranar Laraba aka ɗauke wuta, janareta bai tashi ba sai da rabin lokacina ya tafi, kuma babu wanda ya rama mini shi. Ina komawa gida in baje takardu a tabarma in bi layi-layi da biro, in zo da safe da gyaran a hannu don kada in ɓata ko minti ɗaya wurin tunani.

Ranar Juma'a malamina ya ce zai zo ɗakin da kansa ƙarfe sha ɗaya da rabi. Da na duba rajista da safe, sai na ga wanda ya rubuta lamba bakwai daga ƙarfe sha biyu: wakili ne, makonsa ya cika, ya dawo. Tun sha ɗaya da kwata ya zo ya tsaya a jikin bango rungume da littafi, yana kallon agogo yana kallona. Na san idan sha biyu ta buga ban gama ba, ko daƙiƙa ɗaya ba zai ƙara mini ba, kuma ba ni da bakin roƙonsa.

Malamina bai shigo ba sai sha biyu saura ashirin. Ya ja kujera ya zauna ya ce in nuna. Na shigar da malamai tara da azuzuwa shida, garin sauri har na buga wani suna sau biyu na goge. Na danna. Jadawali ya fito, kowane malami a ajinsa. Ya ce in gwada sa mutum ɗaya a aji biyu ranar Asabar da safe. Na gwada, manhajar ta ƙi, ta rubuto cewa malamin yana wani aji a wannan lokacin. Ya sa na sake da wani malamin, ta sake ƙi. Ya gyaɗa kai, ya zaro takardar sunaye daga aljihu, ya ɗora a gwiwa ya rubuta nawa ina kallo.

Na kwafe aikina, na rufe komai, na goge teburin da gefen mayafina. Agogon bango ya nuna sha biyu saura minti bakwai. Na miƙe da kaina, babu wanda ya tashe ni, na ja kujerar baya na dubi wakili.

Na ce, "Bismillah, zauna. Na bar maka minti bakwai, kyauta."